Tarin da ya ƙi jin magani: wa ke neman kansar huhu a Nijar?



Yau maganar kansar huhu na kawo, kuma na san tun ban kai ƙarshe ba wani zai ce: "Haba malam, masassarar cizon sauro tana ɗibar mana yara kowace damina, ga tamowa, ga matsalar tsaro, kai kuma sai ka kwaso mana ciwon Turawa?" Na sha jin wannan magana a fada, na ji ta a bakin masu digiri, na ji ta har a bakin wasu ma'aikatan lafiya. Da ita zan fara faɗa. Bayanta akwai ta biyu, ita ma ba zan ƙyale ta ba: ta manyan da ke zama ɗakunan taro a Turai da Amurka suna shelar cewa gano kansar huhu da wuri ya zama abin da duniya ta sa gaba, alhali in ka saurare su da kyau, duniyar da suke nufi ta tsaya ne inda wutar lantarki ba ta ɗaukewa.

Mu fara da lissafi

Cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kusan mutum miliyan 2.5 suka kamu da kansar huhu, kuma ta kashe mutum miliyan 1.8. In ka raba, kusan mutum 5,000 kenan kowace rana ta Allah. Babu wata kansa da ta kai ta kisa. A wannan shekarar, masassarar cizon sauro ta kashe kimanin mutum 600,000 a duniya, tarin fuka kuma miliyan 1.3. Wato kansar huhu ta ninka ta farko sau uku, ta kuma zarce ta biyu.

To amma duba yadda aka yi da ita. OMS ta ƙaddamar da babban shiri kan kansar yara a 2018, ta yi na kansar bakin mahaifa a 2020, ta yi na kansar nono a 2021. Duka sun cancanta, ba mai ja. Amma wadda ta fi kowace kisa sai aka bar ta tsaye a bakin ƙofa. Sai a watan Mayun 2025 ne babban taron ƙasashen OMS ya amince da ƙuduri kan lafiyar huhu gaba ɗaya, wanda ƙasar Malesiya ta jagoranta. Me ya jawo wannan jan ƙafa? A ganina dalili ɗaya ne babba: ana yi wa mai kansar huhu kallon wanda ya jawo wa kansa. "Ai shi ya sha sigarinsa." Da wannan kalma guda aka wanke kamfanonin taba, aka wanke gwamnatoci, aka wanke masu ma'adinai, aka bar mara lafiya da kunya a kan ciwo.

Me ya sa "da wuri" ke da muhimmanci haka?

Shi huhu bai cika kuka ba. Cikin namansa babu jijiyoyin jin zafi kamar na fata, shi ya sa ƙari zai iya tsira ya yi ta girma mutum na noma, yana tuƙi, yana cin tuwonsa lafiya. Ranar da ya fara kakin jini, ko numfashi ya fara gagara, ko ƙashi ya fara ciwo, sau da yawa abin ya riga ya bar huhu ya shiga hanta, ƙashi ko ƙwaƙwalwa.

Alƙaluman Amurka sun nuna tazarar ƙarara. In an gano ciwon yana wuri ɗaya bai bazu ba, fiye da mutum 60 cikin 100 suna nan da rai bayan shekara 5, domin ana iya yanke ɓangaren huhun ko a ƙona ƙarin da haske. In kuwa sai da ya bazu cikin jiki, ba su kai 10 cikin 100 ba. Ciwo ɗaya ne, ƙasa ɗaya ce, likitoci ɗaya ne. Abin da ya raba su lokaci ne kawai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da bincike ya tabbatar, da abin da bai tabbatar ba

A nan sai mu yi hattara, don kada mu yi ihu a kan abin da ba mu fahimta ba. Abubuwa biyu ne ake cakuɗawa. Na farko shi ne tantance masu lafiya: a kira mutanen da ba su jin komai amma suna cikin haɗari, a duba su. Na biyu shi ne gano ciwo da wuri ga wanda ya riga ya fara jin alamu: ya zo likita da sauri, a gane da sauri, a fara magani da sauri. OMS da kanta ta bambanta su a jagoran da ta fitar a 2017.

Kan na farko, an yi manyan gwaje-gwaje. A Amurka an ɗauki mutum fiye da 53,000, ƴan shekara 55 zuwa 74, duka manyan mashaya sigari ko waɗanda suka daina. Rabi aka sa su cikin sikana mai ƙaramin haske sau ɗaya a shekara, rabi aka yi musu radiyon ƙirji na yau da kullum. Sakamakon ya fito a 2011: mutuwa ta kansar huhu ta ragu da kashi 20 cikin 100 a ɓangaren sikana. A Holand da Beljiyam aka sake wani, sakamakonsa ya fito a 2020: raguwar kashi 24 cikin 100 ga maza bayan shekara 10. Shi ya sa tun 2021 Amurka ke ba da shawarar duk ɗan shekara 50 zuwa 80 da ya sha kwatankwacin kwali ɗaya a rana na shekara 20 ya riƙa shiga sikana duk shekara. A Ingila kuwa cewa suka yi talaka ba zai zo asibiti ba, sai suka ɗora sikana bisa manyan motoci suka kai ta filin ajiye motoci na manyan kantuna a unguwannin marasa ƙarfi na Mancesta, a 2023 kuma suka yi shelar mayar da abin shirin ƙasa. Koriya ta Kudu ta fara nata a 2019, Taiwan a 2022, kuma ita Taiwan har da waɗanda ba su taɓa shan sigari ba amma ciwon na cikin danginsu.

Wannan gaskiya ne, kuma nasara ce. Amma ga abin da masu tallar na'ura ba su son faɗi. A gwajin Amurka, kusan hoto ɗaya cikin huɗu ya nuna wani abu mai tayar da hankali, kuma fiye da 95 cikin 100 na waɗannan ba kansa ba ce. Kowane ɗaya sai an sake masa hoto, wani sai an tsaga an ɗebo tsoka an duba. A ƙasarmu da tarin fuka ya bar wa mutane da yawa tabo a huhu, irin wannan ruɗani sai ya fi haka yawa. Kuma wani babban gwajin Amurka, na mutum kimanin 155,000, ya nuna yi wa masu lafiya radiyon ƙirji duk shekara bai rage mutuwa ba ko kaɗan.

Ma'ana, sikana ɗaya ce daga cikin zoben sarƙa. Bayanta sai mai karanta hoto, sai mai ɗebo tsoka, sai mai duba tsokar a madubi, sai likitan fiɗa na ƙirji, sai na'urar ƙona ƙari, sai magani. In zobe ɗaya ya tsinke, abin da ka yi wa mutum kawai shi ne ka gaya masa zai mutu, ka karɓe kuɗinsa. Saboda haka duk wanda ya zo ya ce mu sayi sikana mu tantance kowa da kowa a Nijar gobe, ko dai bai san ƙasar ba, ko yana da kaso cikin cinikin. Amma wanda ya ce tun da ba mu iya wannan ba sai mu naɗe hannu, shi ma ya cuce mu, don hanya ta biyu tana nan, kuma tana cikin ƙarfinmu.

"Ai babu ita a nan"

Wa ya ƙirga? Muna da rajistar kansa a Yamai tun 1992, kuma waɗanda suka riƙe ta sun cancanci yabo. Amma rajista tana rubuta wanda ya iso ne, aka duba shi aka tabbatar. Manomin ƙauyen Mayayi, ko makiyayin Tanut, ko tsohuwar da ke bayan Illela, in suka rame suka yi tari suka rasu a ɗaki, da hantsi an yi musu sutura, ba wanda ya rubuta abin da ya kashe su. Ƙarancin lamba a takarda bai nuna ƙarancin ciwo ba, ƙarancin mai dubawa ya nuna. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kuma kansar huhu tana da rigar ɓuya a ƙasashe irin namu: tarin fuka. Alamunsu kusan ɗaya ne. Tari mai daɗewa, rama, kakin jini, ciwon ƙirji, kasala. Majo na CSI an koya masa in tari ya wuce sati biyu ya yi tunanin tibi, kuma daidai ne, don tibi ta fi yawa, tana yaɗuwa, tana warkewa. Matsalar tana wurin mutumin da aka gwada kakinsa ba a ga komai ba, ko aka ɗora shi kan magani wata biyu, wata huɗu, wata shida, bai ji sauƙi ba. Ina ake kai shi? Tsarin bai shirya masa ƙofa ba.

Wani baffana direban kamyo ne, ya yi kusan shekara 30 yana hanyar arewa, sigari ba ta barin bakinsa. Da tari ya kama shi, sai aka fara da siro da ƙwayoyin farmasi. Daga baya aka gwada kaki, ba a ga tibi ba, amma ganin yadda ya rame sai aka ɗora shi kan maganinta. Wata shida cur yana sha, bai tsallake ko rana ɗaya ba. Da wa'adi ya cika yana ƙara lalacewa, sannan aka ce a yi radiyo a birni. Aka ga ƙari. Aka ce sai Yamai. Kafin a sayar da tumaki a haɗa kuɗin kar da na sikana, an ƙara sati biyar. Can aka ce ya riga ya shiga ƙashi, ku koma gida. Bai cika wata biyu ba ya rasu, cikin azabar da ba na fatan ko maƙiyina ya gani. Har yau in ka tambayi dangi, wasu cewa suke tari ne, wasu cewa suke jifa aka yi masa. Ban ga laifin majon da ya fara duba shi ba, abin da aka koya masa da abin da ke hannunsa ya yi. Laifin na tsarin da ya bar hoton ƙirji ya zama abu na ƙarshe ga mutumin da ya kamata ya zama masa na farko.

Hayaƙin da muke shaƙa

OMS ta ce kimanin kashi 85 cikin 100 na kansar huhu daga taba ne, kuma kusan 80 cikin 100 na masu shan taba a duniya suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Turawa sun rage sha, kamfanoni sun juyo inda matasa suka fi yawa. Wace ƙasa ta fi mu matasa? Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Mai tebur na sayar da sigari kara ɗaya-ɗaya a bakin lakwal, da kuɗin da bai kai na ƙosai ba. Shisha ta shiga fada ta zauna, da ƙamshin tuffa da na'ana'a, har ƴan mata na ganin wayewa ce, ana cewa ai ruwa na tace hayaƙin. Ƙarya ce, ruwan sanyaya shi kawai yake yi don ka zuƙa da yawa. Ita kuma kansar huhu ba ta gaggawa, tana jira shekara 20 ko 30. Wanda ya fara zuƙa yau yana ɗan 16, asibitin 2055 ne zai karɓe shi. Wane asibiti muke gina masa?

Nijar ta amince da yarjejeniyar OMS ta yaƙi da taba a 2005, ta kuma yi doka a watan Mayun 2006 da ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, ta hana tallarta. Don Allah wa ya taɓa ganin an ci wani tara a tasha ko a ofis saboda wannan doka?

Sai iyayenmu mata, waɗanda ba su taɓa riƙe karan sigari ba. Mafi yawan gidajen ƙasar nan da icce, kara ko gawayi ake girki. Mace tana shiga madafi tun tana ƴar shekara 10, tana hura wuta safe da yamma, da goyo a baya, har ta tsufa. OMS ta ƙiyasta hayaƙin girki na kashe kimanin mutum miliyan 3 a shekara a duniya, kuma kansar huhu na cikin cututtukan da yake kawowa. Tun 2011 matatar Damagaram ke fitar da gaz, amma je ka ƙauyukan da ke kewaye da ita ka ƙirga buteli nawa za ka gani. Ƙara da hayaƙin gazuwal na tsofaffin motoci da injinan wuta, wanda cibiyar Liyon ta sa a jerin abubuwan da tabbas ke kawo kansa tun 2012. Ɗan kabu-kabu da ke bin bayan kamyo daga safe zuwa dare, shi ma "shi ya jawo wa kansa"?

Arlit, inda maganar ta fi ciwo

In akwai mutanen da ya kamata a fara tantancewa da sikana a ƙasar nan, ba sai an yi dogon nazari ba, an san su, an san sunayensu, suna cikin rajistar albashi. Su ne ma'aikatan uraniyom.

Dutsen uraniyom yana fitar da wata iska da ake kira radon. Ba ta da launi, ba ta da wari, tana taruwa a rami da wurin da iska ba ta zagayawa. OMS ta ce ita ce ta biyu bayan taba wajen kawo kansar huhu, kuma in mutum ya haɗa ta da sigari haɗarin ninkuwa yake yi. Ba sabon ilimi ba ne. A jikin mahaƙan Jamus da Cek da na ƙabilar Nabaho ta Amurka aka koye shi, da gawarwakinsu. A 1990 Amurka ta yi dokar biyan diyyar dala 100,000 ga mahaƙin uraniyom da ya kamu da kansar huhu.

Mu fa? Somair ta fara fitar da uraniyom a Arlit a 1971. Cominak, ramin ƙarƙashin ƙasa na Akokan, ya yi aiki daga 1978 har aka rufe shi ranar 31 ga Maris 2021, ya bar tarin sharar da ta kai kimanin tan miliyan 20. Dubban ƴan ƙasa sun shiga waɗannan ramuka, da yawansu daga Tawa, Maraɗi, Damagaram da Doso, sun yi ritaya sun koma garuruwansu. Wani Bafaranshe da ya yi aiki a Cominak daga 1978 zuwa 1985 ya mutu da kansar huhu a 2009. Iyalinsa suka kai ƙara, a 2012 wata kotun Faransa ta ɗora wa Areva laifi, a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Ko da ya faɗi a ƙarshe, shi dai an gano ciwonsa, an kira shi da sunansa, alƙali ya saurari iyalinsa. Shekara 7 ya yi. Ɗan ƙasa da ya yi 25 a rami ɗaya da shi, wa ya ɗauki hoton huhunsa?

Ƙungiyar Aghirin'man ta Almustafa Alhasan ta daɗe tana wannan kuka, ƙwararrun CRIIRAD da Greenpeace sun zo sun yi awo sun fitar da rahoto. A 2011 aka kafa cibiyar sa ido kan lafiyar tsofaffin ma'aikata a jahar Agadas, amma a ƙarshen 2012 ƙungiyar lauyoyi ta Sherpa ta janye daga yarjejeniyarta da Areva, tana kukan cewa abin ya koma na gyaran suna. A watan Yunin 2025 hukumomi sun mayar da Somair hannun ƙasa. Madalla. Amma wanda ya gaji gona ya gaji ƙayarta. Ƴancin ƙasa da muke ta rera wa waƙa, in bai kai ga huhun mutumin da ya haƙo arzikin ba, to bai gama isowa ba. Bashin kamfanin Faransa na nan, a bi shi har ƙarshe, kuma kada bin bashin ya zama hujjar barin tsofaffin nan suna jira.

Kada mu manta da ƴan zinariya. Tun da Jado ta buɗe a 2014, sai Cibarakaten, sai Ɗan Isa a nan jahar Maraɗi, dubban matasa ke daka dutse da niƙa shi a bushe, ba abin rufe hanci. A Nuwamban 2021 rami ya rufta da mutane a Ɗan Isa, kowa ya ji, kowa ya yi jaje. Ƙurar dutsen da suke shaƙa ita ma tana cikin jerin masu kawo kansar huhu, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa, sai dai ita a hankali take kisa, ba gidan rediyon da ke sanarwa.

Abin takaici: ƙasar da ta fara sayar wa duniya uraniyom a 1971, sai a 2021 ta samu na'urarta ta farko ta ƙona kansa da haske, a cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai, da taimakon hukumar nukiliya ta duniya. Shekara 50 cif. Kuma daga Maraɗi zuwa wurinta fiye da kilomita 600 ne, daga Damagaram kusan 900, daga Arlit fiye da 1,000.

To me muke nema?

Ba mu ce a ɗebe kuɗin gidan sauro ko na allurar yara ba. Shugabannin Afirka da bakinsu suka yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. A cika wannan tukuna kafin a ce mana mu zaɓa tsakanin ɗa da uba. Rage kuɗin asibiti da rabi da aka yi a 2024 mataki ne mai kyau, amma rabin kuɗin abin da babu shi a garinku bai amfane ka da komai ba. Ga buƙatunmu:

1. A rubuta ƙa'ida, a kai ta kowace CSI: duk wanda ya haura shekara 40 yana tari, aka gwada ba tibi, ko ya yi wata biyu kan magani ba sauƙi, a yi masa radiyon ƙirji, in an ga abu a tura shi gaba cikin kwanaki ƙididdigaggu. Wannan takarda ce da horo, ba ta buƙatar biliyoyi.

2. Radiyo mai aiki a kowane asibitin gunduma, da wutar rana, da mai gyara. Tun 2021 OMS ta amince da manhajar kwamfuta mai karanta hoton ƙirji don neman tibi. Hoton da ake nema wa tibi, shi ne ke nuna ƙari. Kada a ce wa mutum "ba ka da tibi, sai an jima" alhali ga abu a hoton.

3. A manyan asibitocin jahohi a haɗa sarƙar: sikana, kayan ɗebo tsoka, da hanyar aika tsokar Yamai a maido sakamako ta waya. Tsoka ta yi tafiya, mara lafiya ya huta.

4. A fitar da sunayen duk wanda ya yi aikin uraniyom, har da ƴan kwangila, a nemo su inda suke, a riƙa sa su cikin sikana mai ƙaramin haske, da kuɗin ma'adinai, a hannun likitocin da ba kamfani ke biyansu ba, kuma kowa a ba shi sakamakonsa a hannu. Ƙungiyoyin ƙwadago, wannan naku ne.

5. Rajistar kansa ta samu reshe a kowace jaha, a riƙa buga alƙalumanta duk shekara kowa ya gani.

6. A ɗaga harajin taba. OMS na ba da shawarar ya kai kashi 75 cikin 100 na farashi. A hana sayar da kara ɗaya-ɗaya, a sa shisha cikin doka, a ware wani kaso na kuɗin don ciwon huhu.

7. Maganin kashe zafi. Wani babban rahoto na mujallar Lancet a 2017 ya nuna rabin mutanen duniya mafi talauci ba su samun ko kashi 1 cikin 100 na morfin da ake rabawa. Morfin ba shi da tsada. Wanda ba a iya warkarwa ba, a bar shi ya cika cikin mutunci.

Ga masu ba da tallafi na waje kuma: ku daina raba huhun mutum gida-gida. Kuɗin tibi ya sayi na'ura, amma in na'urar ta ga kansa sai a ce ba layin kuɗi, wannan wane irin lissafi ne? Kuma manyan gwaje-gwajen da kuke kafa hujja da su, a jikin tsofaffin mashaya sigari na Amurka da Turai aka yi su. Ba mai girki da kara a ciki, ba mai dakan dutse, ba mai tabon tibi. In da gaske abin na duniya ne, ku zo a yi bincike a nan, tare da jami'o'inmu na Yamai, Maraɗi da Damagaram.

Namu kason

Ɗan uwa, ƴar uwa, kafin hukuma ta motsa akwai abin da ke hannunmu. Tarin da ya wuce sati biyu zuwa uku, kaki da jini ko ɗigo ɗaya, murya ta dishe ta ƙi komawa, rama ba dalili, sukar ƙirji ko kafaɗa da ta ƙi tafiya, numfashi na ƙaranci: a tafi likita, kada a tsaya wurin mai tallar ƙwaya. In an ba da magani ba sauƙi, a koma, a buɗe baki a ce "muna son radiyo." Ba rashin kunya ba ne, haƙƙi ne. Mu da muka yi lakwal, mu raka tsofaffinmu, mu yi tambayar da su ke jin nauyin yi.

Kai kuma abokina na fada, binciken da aka yi shekara 50 ana bin likitocin Ingila ya nuna wanda ya bar sigari yana ɗan shekara 30 ya kuɓuta daga kusan dukkan ƙarin haɗarin mutuwar da take jawowa, wanda ya bari yana 50 ya rage rabi. Lokacinka bai wuce ba. Kuma in wani ya kamu, kada mu bi shi da "ai mun gaya maka." Gorin nan shi ke sa mutane ɓoye kakin jini har sai ya zama ihu bayan hari.

Duk wanda ya san tsohon ma'aikacin Arlit ko Akokan a unguwarsu, ya karanta masa wannan rubutu. Wanda ke da ɗan uwa majo ko likita, ya tura masa, mu ji ta bakinsu. A kai maganar rediyon gari, a kai ta gaban magajin gari da daraktan lafiya na jaha, a yi ta maimaitawa har su gaji da mu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.